Ruwan zafin Lis da ƙafar Baffana

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kuna lafiya, ya aiki ya kuma haƙuri da mu masu karatu. Ni mazaunin Makka ne, nan wajen Shara Mansur, shekara 26 kenan ina ƙasar nan, sana'ata tuƙi, kuma ban taɓa rubuto muku ko layi ɗaya ba sai yau, yau ɗin ma abin ne ya tsaya min a maƙogwaro na kasa haɗiyewa.

Akwai wani bidiyo da yake yawo a WhatsApp da TikTok, na san da yawan masu karanta jaridar nan sun gan shi don ni kaɗai sau huɗu ana turo min, wani bawan Allah ne ya tsaya gaban ruwa yana ta tururi, da Hausarsa raɗau, yana cewa wai wannan shi ne ruwan da Annabi Ayuba alaihis salam ya yi wanka da shi, wai yana maganin suga da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki da rashin haihuwa da sammu, a ƙarshe kuma sai ga lambar waya, galan ɗaya riyal kaza, ana kaiwa har masauki. A wani bidiyon daban kuma wani ne yake rantsuwa cewa numfashin wutar Jahannama ne yake fitowa ta wurin. Wuri ɗaya fa, wani ya kai shi Aljanna wani ya kai shi wuta. To ni na je wurin da ƙafata, na kuma dawo da ƙafar Baffana a naɗe da bandeji, shi ya sa nake roƙon ku ba ni ɗan fili.

Wurin sunansa Ainul Harra, yana cikin Wadin Lis, a lardin Makka ɗin nan dai. Lis gari ne a bakin Bahar Maliya kudu da Jidda, tafiyar kamar kilomita 200, a allon hanya Al-Lith za ka ga an rubuta. Daga cikin garin kuma sai ka juya wa teku baya ka nufi duwatsu ta wajen Gumaiga, kimanin kilomita 50.

Baffa ƙanin mahaifina ne, ya zo umara daga gida ya sauka a wajena, shekarunsa sun haura 70, yana da suga ya kai shekara goma sha, ga ciwon gwiwa da ya sa sallah ma a kujera yake yi. Tun daga filin jirgi ya fara maganar ruwan nan. Na yi ta kewaye-kewaye, yau aiki gobe mota ba lafiya, har ranar da ya ce min a gaban iyalina, "To ai shikenan, da uban naka na raye da ba sai na roƙa ba." Edita ka san irin wannan maganar ba ta da amsa. Ranar Asabar bayan sallar asuba muka ɗau hanya, ni da shi da babban yaron wajena wanda yake karatun ilimin ƙasa da duwatsu a jami'ar Sarki Abdul'aziz ta Jidda, da kiret ɗin ƙwai guda da fulas ɗin shayi da jarka biyu da Baffa ya ce lallai sai an saka a but. Abin da ban sani ba sai daga baya, ashe kwana uku kenan da ya ajiye ƙwayoyinsa na suga, wai kar ya haɗa maganin Allah da na bature.

Hanyar ba laifi. Ka wuce ta Yalamlam, miƙatin mutanen Yaman, sai fili fetal na Tihama, raƙuma da awaki, can gabas kuma duwatsun Sarawat a tsaye kamar katanga. Da muka shiga wadin sai ga goriba, wallahi goriba irin tamu ta gida, Baffa ya ce a tsaya ya gani, ya ce ashe har nan ta biyo mu.

Tun kafin ka ga ruwan hancinka zai gaya maka ka iso, wani ɗan wari ne kamar na ƙwan da ya kwana biyu, ba mai tsanani ba amma yana nan. Sannan sai tururi. Lokacin sanyi muka je kuma da safe, don haka tururin ya fito sosai, yana tashi daga tsakanin duwatsu kamar an sauke tukwanen gidan biki. Ba ido ɗaya ba ne, idanu ne da dama, wani yana ɓulɓulowa wani yana tsattsafowa kawai, su haɗu su gangara. Gefen da ruwan yake bi duk ya yi wani fari-fari kamar an barbaɗa kanwa, wani wajen ruwan ɗorawa, can ƙasa inda ya fara hucewa kuma sai gansakuka kore shar. An gyara wurin, akwai inda aka tanada don wanka da ruwan da aka bari ya huce, maza daban mata daban. A bakin idon kuwa zafin yana haura digiri 80, ka tuna ruwa a digiri 100 yake tafasa, jikin mutum kuma 37 ne. Mun sa ƙwai a leda muka zura, kafin mu gama shimfiɗa tabarma mu zuba shayi ya dahu.

A nan ne gardama ta tashi tsakanin jika da kaka, kuma saboda gardamar nan ce rabin wasiƙar nan. Baffa ya ce, "Kai malamin duwatsu, to gaya min waye yake hura wutar?" Yaron ya ce, "Alhaji in na faɗa maka za ka ba ni amaryar taka?" Ya ce, "Ja'iri, faɗi mu ji tukuna." Ni ina gefe ina ɓare ƙwai ina saurare, kuma gaskiya shekara uku ina biyan kuɗin mota da na littattafai ban taɓa sanin me yaron nan yake karantawa ba sai ranar.

Ya ce da farko ruwan nan ba daga wata duniya ya zo ba, ruwan sama ne. Wanda yake sauka a kan duwatsun Sarawat ɗin can, wani ya gangaro ya zama ambaliyar da take cika wadi, wani kuma ya bi tsagogin dutse ya yi ta nutsewa ƙasa a hankali, shekara da shekaru yana tafiya. Ita kuma ƙasa duk inda kake a duniya in kana nutsawa zafi ƙaruwa yake, a yawancin wurare kowace kilomita ɗaya ana samun ƙarin digiri 25 zuwa 30. Ya ce to Alhaji yi lissafi da kanka, in a sama muna 30, ruwan da ya kai kilomita uku a ƙasa ya haura 100 kenan. Baffa ya ce to me ya hana shi tafasa ya ƙone tun a can? Sai yaron ya juyo wajena ya ce, "Baba kai za ka ba shi amsa, me ya sa ruwan lagireto yake wuce 100 bai tafasa ba?" Na ce murfi mana, matsi ne yake riƙe shi, shi ya sa in ka kuskura ka buɗe da zafi ya yi maka wanka. Ya ce to shikenan, nauyin dutse da ruwan da ke samansa shi ne murfin. Kuma ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, don haka in ya samu wata tsaga da ta miƙe zuwa sama sai ya biyo ta da sauri, na sanyi yana turo shi ta baya, ya fito bai gama hucewa ba. Wallahi da ya kawo maganar lagireto sai na ji abin ya zauna min daram, don ni na san yadda ruwa yake zagaya inji ya ɗauko zafi ya kawo gaba.

Baffa bai yarda da wuri ba, kuma tambayar da ya yi mai kyau ce. Ya ce in haka ne ai ko'ina ana ruwan sama kuma ko'ina akwai ƙarƙashin ƙasa, me ya sa ba a samun irinsa a Kano? Yaron ya ce saboda nan ƙasar a yage take. Ya nuna yamma ya ce tekun can da muka baro, Bahar Maliya, da can babu ita, ƙasar Larabawa da Afirka a haɗe suke abu ɗaya, Jidda da Fot Sudan maƙwabta ne ba ruwa a tsakani. Kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce ƙasar ta fara tsagewa, ɓangaren nan yana ja gefe, ruwan teku ya shigo ya cike ramin, kuma har yau ba ta daina ba, kowace shekara tekun tana ƙara faɗi da kamar santimita ɗaya ko sama da haka kaɗan, farcen hannunka ma ya fi ta saurin girma. Ya ce ka ga mai mutabbaƙ, abincin nan na Larabawa, in yana jan kwaɓin fulawa, yana ja yana ja har tsakiyar ta yi siriri kana hango tiren ta ciki? To haka ɓawon ƙasa ya yi siriri a gefen tekun nan, zafin cikin ƙasa ya matso kusa, ga kuma tsagogi manya masu zurfi da jan ya haifar, su ne hanyar ruwan. Shi ya sa ba Lis kaɗai ba, in ka bi gaɓar nan kudu har Jizan akwai irinsa a Khuba da Arida da Bani Malik, ka shiga Yaman ma akwai.

Nan fa Baffa ya yi shiru, sai can ya ce, "Kakanmu da ya zo hajji a ƙasa ta Sawakin, gaɓar tekun Sudan, ya hau jirgin ruwa, yau shekara ɗari ko fiye." Yaron ya ce to da yau zai haye sai ya ƙara mita ɗaya da ɗan wani abu a kan tafiyarsa. Muka yi ta dariya. Amma ni abin ya taɓa ni ta wani wajen, don duwatsun da ke bayan Sawakin da waɗannan da muke zaune a kai ashe asalinsu ɗaya, shi ya sa ma ake haƙo zinare a can Sudan ake haƙowa a nan Mahdu Zahab. Har a tsakiyar tekun, tsakanin Jidda da Fot Sudan, a zurfin kamar mita 2,000, akwai wani rami da ruwan gishiri mai zafin sama da digiri 60 yake kwance a ƙasa da laka cike da ƙarafa, wanda Saudiyya da Sudan suka ƙulla yarjejeniya a kansa tun 1974. Ruwan zafi a ƙarƙashin teku fa. Ina mai bidiyo, ya je can ya cika galan.

Akwai kuma shi kansa dutsen. Ya ɗauko wani ɓallin dutse mai ɗige-ɗigen fari da baƙi da ja-ja ya ce wannan giranit ne, ɗan uwan irin na Kufena a Zariya da Kwatarkwashi, ya kai ɗaruruwan miliyoyin shekaru, kuma irinsa yana ɗauke da ɗan sinadarin yuraniyom da makamantansa, kaɗan ne ƙwarai amma suna fitar da zafi a hankali ba dare ba rana, in dutsen ya yi kauri na kilomitoci sai zafin ya taru kamar yadda tsibin taki yake ɗumi ta ciki. Baffa ya ce yuraniyom irin wanda ake haƙa a Arlit ta Nijar? Ya ce shi fa, sai dai nan ba na haƙa ba ne.

Maganar sinadaran ruwan kuwa, ya ce ai ko shayi da ruwan zafi ake jiƙa shi. Ruwan da ya daɗe yana dahuwa a cikin dutse dole ya narko da abin da ke jikin dutsen, gishiri da farar wuta da irin sinadarin farar ƙasa da na yashi, in ya fito sama ya sha iska ya huce sai ya sauke wani daga ciki, shi ne farin nan da ke gefen magudanar. Warin ƙwan kuma iskar farar wuta ce. Na ɗanɗana kaɗan a harshe bayan ya huce, ɗan gishiri-gishiri da wani ɗanɗano kamar ka lashi ƙusa.

Bari in ɗan ratse, don akwai inda mutanenmu suke rikicewa. Harra ta sunan wurin nan, mai jan harafin farko, ma'anarta mai zafi, wato ido mai zafi kenan kawai. Ita kuma ɗaya harrar ita ce filin baƙaƙen duwatsun nan da duk wanda ya bi hanyar Madina ya gani, waɗanda narkakken dutse ne da ya malalo ya daskare. Kalma biyu ne daban, amma yaron ya ce a wajen masu ilimin ƙasa dangin juna ne, duk yagewar nan ce ta haife su. Kuma ba tatsuniya ba ce, a shekara ta 654 bayan hijira, wato 1256, ƙasa ta yi ta girgiza a Madina sannan wuta ta fito a harrar Rahat kudu maso gabas da gari, ta yi kwana 52, narkakken dutse ya malala wajen kilomita 23 ya tsaya bai shiga gari ba, Imamu Nawawi ma a zamaninsa abin ya faru kuma ya ambace shi, malamai suka danganta ta da hadisin wutar da za ta fito a Hijaz. Na kusa-kusa kuma ni shaida ne don ina ƙasar, a 2009 a yankin Is arewa da Yanbu ƙasa ta yi ƙananan girgiza sama da 30,000 cikin 'yan watanni, mafi girma ta kai maki 5.4, aka kwashe mutane wajen 40,000, ƙasa ta tsage tsawon kilomita 8, narkakken dutse ne ya taso ya tsaya a hanya bai fito ba. To ka ga malamai sun rubuta wutar Madina a matsayin aya, masu auna duwatsu kuma sun auna tsawonta da kwanakinta, ban ga inda ɗaya ya ƙaryata ɗaya ba. Baffa da kansa ya ce, "Ikon Allah, ashe murhun ma Shi Ya gina." Yaron ya ce to a ba shi amaryar.

Yanzu sai abin da ya faru, kuma laifina ne kafin na kowa. Muna cikin wannan hira aka kira ni a waya, yaron kuma ya tafi mota ɗauko ruwan sha, Baffa ya lallaɓa da sandarsa ya je ya zauna a kan wani dutse a gefen magudanar, ba can ƙasa inda mutane suke zama ba, kusa da idon, don a ganinsa can ne albarkar ba ta gauraya ba. Ya tuɓe takalmi ya zura ƙafar dama. Ban san minti nawa ya yi ba. Wani Basa'ude ne ya hango shi ya ƙwalla ihu yana ya hajj ya hajj, na juyo na ga inda yake, na yar da wayar. Muka ciro ƙafar, ta yi wani irin launi da ba zan manta ba, shi kuwa yana kallonmu yana cewa, "Menene? Ai ɗumi-ɗumi ne kawai."

Ɗumi-ɗumi. Ruwan da ya dafa mana ƙwai.

Abin da ban sani ba, kuma na tabbata dubban masu suga a cikinmu ba su sani ba, shi ne ciwon suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa, mutum ya taka ƙusa ko garwashi bai ji ba. Kai mai lafiya da ka sa yatsa za ka fizge kafin ka yi tunani, shi wannan ƙararrawar ta mutu. Kuma ruwan da ya kai digiri 60 ma cikin 'yan daƙiƙu yake ƙona fata, balle wanda ya fi haka. Mun yi ta zuba masa ruwan gora mai sanyi har ya ƙare, wani ya kawo man goge baki wai a shafa, yaron ya hana, muka rufe da tsumma mai tsabta muka kama hanyar Lis, kilomita 50 ɗin nan ta zame min kamar 500. A asibiti da suka auna sugansa likitan ya kalle ni kallon da ya fi zagi ciwo, a nan ne Baffa ya faɗi maganar ƙwayoyin da ya ajiye.

Sati bakwai ana wankin ƙafa. An ɗaga tikitin komawarsa, ɗawafin da ya zo yi da ƙafarsa a keke aka tura shi, kuma akwai satin da ake maganar ko za a cire yatsu biyu, Allah Ya kiyaye ba a kai ga haka ba. Ciwon mai suga ba ya warkewa da wuri, wannan ma a nan na koya. Kuɗin da aka kashe ba zan faɗa ba don 'ya'yansa suna karanta jaridar nan.

Kar a fahimce ni ba daidai ba, ni ban ce ruwan ba shi da amfani ba. Kafin abin ya faru ni kaina na shiga inda aka tanada, kuma bayan nan nawa na direba da ya shekara yana damuna ya saki, na ji daɗi sosai. Ruwan ɗumi yana sassauta jijiya da gaɓoɓi, wannan ko mai jego a gida ta sani, masu wasu cututtukan fata ma suna cewa suna samun sauƙi. Amma sauƙi daban warkewa daban. Ruwan da ya bi ta cikin giranit ba ya gyara suga, ba ya sauke hawan jini ya zauna, hasali ma mai hawan jini ko ciwon zuciya ko mace mai ciki in suka daɗe a ruwan zafi jiri ne zai ɗebe su. Shansa kuma da ake cewa a yi safe da yamma, irin wannan ruwa yakan zo da gishiri da wasu sinadarai fiye da abin da ya dace da ruwan sha, kai da likita ya hana ka gishiri a miya sai ka saye shi a galan?

Akwai wani abu ma da yaron ya gaya min wanda ya shafe mu musamman mu masu alwala. A ruwan ɗumi na fili wanda ba a sa masa magani ba, ba mai tafasar ba, wanda ya huce ya kwanta, akan samu wata ƙwayar cuta da in ta shiga ta hanci take wucewa ƙwaƙwalwa, ba kasafai take kama mutum ba amma wanda ta kama da wuya ya tashi, an yi ta samun irin haka a Karachi ta Pakistan. Don haka shaƙa ruwa a hanci a yi da ruwan gora, kar a yi da na kududdufin wurin, yara kuma kar a bar su suna nutsa kai.

Shi kuma mai cewa ruwan Annabi Ayuba ne, ni ba malami ba ne, allo na yi sai ɗan abin da nake ji a Harami, amma ko ni na san ayar tana cikin suratu Sad, aya ta 42, kuma ruwan da aka ambata a wurin cewa aka yi mai sanyi ne, na wanka da sha. Mai sanyi. Ya buɗe Mus'hafi ya duba. Ta ina ruwan digiri 80 ya zama shi? Abin da ya fi ba ni haushi da Hausa ake wannan tallan, mu ake nufi, tsofaffinmu da suka tara kuɗin umara shekara da shekaru su ake hari, don an san duk abin da aka ce daga ƙasa mai tsarki ya fito ba ma tambaya. Ban taɓa ganin Balaraben Lis yana sayar wa ɗan uwansa ruwan nan a galan ba, su zuwa suke da iyali su dafa ƙwai su jiƙa ƙafa a inda ya huce su sha gahawa su tafi.

Kuma abin dariya, Baffa ɗan Najeriya ne, Bauchi ba ta fi tafiyar yini daga garinsu ba, ga Wikki a cikin dajin Yankari, ruwa garau mai ɗumin digiri 31 rani da damina, wanda ko jariri ka sa ba abin da zai same shi, ga Ikogosi a jihar Ekiti inda na ɗumi da na sanyi suke haɗuwa. Bai taɓa zuwa ko ɗaya ba. Da na tambaye shi sai ya ce ai wancan na 'yan yawon buɗe ido ne. Mutanenmu na Sudan ma suna da nasu a Jabal Marra. Su Kenya kuwa da suke kan irin wannan yagewar ƙasar ba su tsaya dafa ƙwai ba, rijiyoyi suka haƙa a Olkariya suna juya injin da tururin, wajen kashi 40 cikin 100 na lantarkinsu daga nan yake fitowa, yaron ya ce abin da yake so ya ƙware a kai kenan, na ce Allah Ya taimaka, da dai na ɗauka fasa dutse ake koya musu.

Roƙona gare ku Edita, ku da kuke da masu karatu a gida da nan da Sudan da Nijar, kafin lokacin umarar azumi ku samu likitan suga da wani masanin ƙasa ku yi hira da su da Hausa, a buga, a kuma yanka a sa a WhatsApp ɗin da mai galan yake amfani da shi. Masu kai baƙi ziyara irina kuma, mu direbobi, in tsoho ya ce a kai shi a kai shi, wurin ya cancanci gani, amma a tambaye shi ko yana da suga tun kafin a tada mota, a tabbatar ya sha maganinsa a gabanka, kai ka fara sa gwiwar hannunka a ruwan kafin ya sa ƙafa, kar a wuce minti 10 zuwa 15, kuma in ka ga hadari a kan duwatsu ka fita daga cikin wadin ko da a inda kake ko ɗigo bai sauka ba, ambaliyar wurin ba ta sallama.

Baffa ya koma gida watan jiya, yana takawa da sanda, yana shan maganinsa, matarsa ce take riƙe da kwalbar yanzu. Jarkokin nan biyu kuwa ashe kafin abin ya faru ya riga ya sa wani yaro ya cika masa ɗaya, ban gani ba sai da na zo wanke but. Tana nan ƙarƙashin matattakala, wani farin gari ya kwanta a gindinta. Shekaranjiya ya turo min saƙon murya, bayan gaisuwa da ya jikin yara sai ya ce wai in akwai mai tahowa in ba shi jarkar ya taho masa da ita. Na ce Baffa ai jirgi Zamzam kaɗai yake ɗauka, ita ma lita biyar. Ya ce to a ajiye masa, in Allah Ya kai mu baɗi zai zo da kansa.

Wassalam.

Naku mai karatu,
daga Shara Mansur, Makka